Me Ya Sa Zabuwa Ba Ta Ƙwai Sai Da Damina?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ta Dambatta da Kazaure, ko ta Bichi da Tsanyawa zuwa Katsina, ya san ƙwan zabi da lokacinsa yake zuwa. Daga wajen Mayu zuwa Satumba za ka ga yara a tasha ɗauke da dafaffen ƙwai, ga ƙullin yaji a gefen faranti. Da an shiga kaka sai ya fara wuya, kafin hunturu ya kankama ya ɓace sam. Kazar gida kuwa, wadda suke tonon juji ɗaya da zabuwar, rani da damina duk ƙwai take yi. In ka tambayi mai zabi dalili, ce maka zai yi ruwa take jira. Bai yi ƙarya ba, amma ruwan sama ba ya shiga cikin tsuntsuwa ya zama gwaiduwa. Dole akwai hanyar da labarin damina yake bi ya isa cikin jikinta, kuma yau kusan shekara ɗari ke nan masana suna bin sawun wannan hanya.

Ba zabuwa kaɗai ba ce. A ƙauyukan Makoda da Kunchi da Minjibir, inda gona take manne da gona kuma dajin da ya rage bai wuce itatuwan da aka bari a tsakiyar shuka ba, tsuntsaye a idon mutane suke yin komai. Shamuwa tana sauka kan tsamiya ko kukar gari tun bazara, kafin ɗigon ruwa na farko, ta fara jido ƙirare. Balbela tana cika itace guda da sheƙa idan damina ta zauna. Tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa su rataya ta a reshe, mazansu kan sake gashi su yi ruwan ɗorawa da baƙin kai, su yini suna saƙa da surutu. Ungulu da shirwa kuwa sai da rani. Kurciya da tantabara ba ruwansu da wata. Bayanin da ya dace da zabuwa amma ya kasa ɗaukar ungulu da kurciya, bai cika bayani ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne tsuntsun daji ba ya yawo da kayan haihuwarsa a shirye duk shekara. Wanda ya taɓa fige zabo da rani, ya kuma fige wani a watan Yuli, ya ga bambancin da idonsa: marainan namiji, waɗanda ke can ciki kusa da ƙoda, da rani a motse suke, da damina kuwa sun kumbura. A wasu ƙananan tsuntsaye girman kan ninka sau ɗari ko fiye cikin 'yan makonni. Ita ma macen, mahaifar ƙwai guda ɗaya gare ta mai aiki, ta ɓangaren hagu, kuma bayan lokaci ya wuce ita da bututun da ƙwai ke bi duk sai su tsuke. Mai tashi sama ba ya son kaya. Saboda haka kowace shekara sai an sake gina wannan sashe na jiki daga tushe, ginin kuma yana cin makonni. Tsuntsuwar da ta jira sai ta ga abinci ya wadata sannan ta fara, 'ya'yanta za su ƙyanƙyashe bayan wadatar ta wuce.

Umarnin ginin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ta hanyar homon, wato sinadaran da wani sashe na jiki ke zubawa a jini don kai saƙo ga wani sashe. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira haifotalamas. Jijiyoyinsa suna fitar da homon mai suna GnRH, wanda Andrew Schally da Roger Guillemin suka yi tseren ganowa a jikin aladu da tumaki, har suka sami kyautar Nobel a 1977. Tafiyarsa gajeriya ce: yana sauka ga wani ɗan ƙulli da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, shi kuma ya saki homon biyu a jini, LH da FSH. Waɗannan ne ke tayar da maraina da mahaifar ƙwai. A jikin namiji sai testosteron ya hau, ya kawo maniyyi da kuka da faɗa da kare wuri. A jikin mace sai estirojin ya hau, kuma aikinsa ya fi ban mamaki. Shi yake sa hanta ta fara haɗa kayan gwaiduwa tana turawa ta jini, shi yake faɗaɗa bututun ƙwai, shi ne kuma, tare da ɗan homon maza da macen ke da shi, yake sa a tara alli a cikin ramin ƙasusuwa don a riƙa ɗiba ana yin ɓawo. Ɓawon ƙwan kaza guda yana cin kusan giram 2 na kalsiyam, kuma akasarinsa da dare ake gina shi, lokacin da kazar ba ta cin komai.

Wannan sarƙa ɗaya ce a jikin zabuwa da ungulu da jimina. Tambayar ita ce wa yake taɓa bakinta na sama.

A ƙarshen 1924, a garin Edmonton na Kanada, wani malamin jami'a mai suna William Rowan ya kama wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura ya zuba a keji a bayan gidansa, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa. Kullum bayan faɗuwar rana sai ya kunna musu fitilar lantarki, yana ƙara 'yan mintoci kowace rana. A tsakiyar hunturu mazan suka fara kuka, da aka duba aka tarar marainansu sun girma. Kafin nan kowa ɗumi yake zargi. Rowan ya buga sakamakonsa a 1925, ya nuna cewa tsawon yini ne. Hikimar a fili take: zafi da ruwa suna saɓa alkawari, amma tsawon yinin ranar kaza ga watan kaza bana, shi ne na baɗi.

Abin da ya biyo baya ya fi wuyar gaskatawa. Daga 1935 Bafaranshe Jacques Benoit ya nuna cewa agwagwar da ba ta gani ma tana amsa dogon yini. A 1970 Michael Menaker da abokan aikinsa a Texas suka gwada da gwarar gida: wasu suka fige musu gashin ka, wasu suka yi musu allurar baƙin tawada a ƙarƙashin fatar ka, idanu kuwa a buɗe. Masu figaggen kai marainansu suka girma ko da a haske mai rauni. Masu tawada suka zauna yadda suke. Ashe haske yana ratsa gashi da fata da ƙashin kai ya kai ga ƙwaƙwalwa kai tsaye, musamman jan haske, kuma a can ciki akwai jijiyoyi masu ɗauke da irin sinadarin da ido ke gani da shi. A nan tsuntsu ya rabu da dabba mai shayarwa. Tunkiyar Turai ta ido take auna dare, da homon melatonin, shi ya sa take da lokacin barbara. Namu tumakin da jajayen awakin Sakkwato ba su cika kula da wannan ba, ko wane wata sai su haihu.

Sauran hanyar a Japan aka ƙarasa ta, a jikin salwar da ake kiwo don ƙwai. Takashi Yoshimura na Jami'ar Nagoya da ɗalibansa suka nuna a 2003 da 2008 cewa kimanin awa 14 bayan ketowar alfijir na dogon yini na farko, wani siririn sashe na fituwitari yana fara fitar da homon TSH. An san TSH da aikin tayar da ƙullin wuya, wannan da kan kumbura ya zama maƙoƙo idan aidin ya yi ƙaranci a abinci. Amma a nan ba wuya yake tafiya ba, sama yake komawa cikin haifotalamas, ya kunna wani sinadari da ke juya homon ƙullin wuya daga nau'insa mai sanyi zuwa mai ƙarfi, a wannan ɗan wurin kawai. Da ƙarfin ya taru, sai wasu ƙwayoyin halitta da suka tare bakin jijiyoyin GnRH su ja da baya, jijiyoyin su sami hanyar zuba kayansu a jini. Kafin yini na biyu ya waye LH ya fara hawa.

Kuma tsuntsu ba jimillar awoyin haske yake ƙirgawa ba. Yana da agogon jiki mai zagayen kusan awa 24, a cikin zagayen kuma akwai wani taƙi, a salwa wajen awa 12 zuwa 16 bayan alfijir, wanda in haske ya same shi jiki ya ɗauka yini ya yi tsawo. An gwada ba salwa gajeren yini, sannan a tsakiyar duhu a kunna fitila na 'yan mintoci daidai wannan taƙi, ta amsa tamkar an ba ta dogon yini cikakke. Masu gidajen gonar kaji na gefen Kano da ke tayar da janareta don kajin ƙwai su sami awa 16 na haske, da wannan ilimi suke aiki, ko sun san sunan Rowan ko ba su sani ba.

To, a nan ne littafin makaranta yake barinmu a hanya. Edmonton tana da yinin awa 17 a Yuni da na awa 7 da rabi a Disamba. London kusan haka. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya: yininta mafi tsawo, wajen 21 ga Yuni, kimanin awa 12 da minti 50 ne, mafi gajarta a Disamba kimanin awa 11 da minti 25. Duk bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba. Mai azumi ya san shi, don shan ruwan ƙarfe shida na watan Nuwamba ba ɗaya yake da na kusan bakwai a Yuli ba, amma ba wani abin a zo a gani ba ne. An daɗe ana ɗauka tsuntsayen ƙasashe masu zafi ba za su iya jin irin wannan ɗan bambanci ba. A 1998 Michaela Hau da abokan aikinta suka rusa wannan zato da wani tsuntsun kurmi na Panama, ƙasar da ta fi Kano kusa da tsakiyar duniya: ƙarin awa ɗaya ya tayar da kayan haihuwarsa, har ƙarin minti 17 ma ya bar alama. Shi kuwa Bajamushe Eberhard Gwinner ya ɗauko wasu tsuntsaye daga Nakuru ta Kenya, inda yini ba ya canzawa, ya ajiye su a ɗakin da haske da zafi suke ɗaya kullum. Shekara da shekaru suka yi ta kumbura maraina, su tsuke, su sake gashi, a zagayen da ya ɗan gaza wata 12, har da waɗanda aka ƙyanƙyashe a ɗakin ba su taɓa ganin damina ba. Ke nan bayan agogon yini akwai na shekara a cikin jiki, abin da ke waje saita shi kawai yake yi.

Shamuwa shaida ce a kan haka. A farkon shekarun 2000 masu bincike daga Denmark sun ɗaura wa wasu shamuwoyi na'urar tauraron ɗan Adam a kudancin Nijar, suka bi su har Tanzaniya. Daga irin wannan nisa take tasowa ta iso mana kafin ruwa ya sauka. Ba ruwan Kunchi ne ya kira ta ba, tunda lokacin da ta kama hanya ko hadari bai haɗu a nan ba. Tana yin sammako ne don 'ya'yanta su tashi daidai lokacin da fara da tsutsa suka cika gonaki. Mutanenmu da suke ganin saukarta su ce damina ta ƙarato, kuma suke hana yara jifarta, sun karanta kalandar da ke jikinta daidai.

Amma in aka ce haske ne kaɗai, lissafi ba zai fita ba. Yini yana fara raguwa tun ƙarshen Yuni, zabuwa kuwa tana kan ƙwai a Agusta. Ungulu tana kwanci a watannin da yini ya fi gajarta. Jan baki, abokin gabar mai gero da mai shinkafa daga kwarin Haɗeja har fadamun Watari da Tomas, sai Agusta da Satumba yake sheƙa a wannan yanki na Afirka.

Jan bakin ya cancanci a tsaya a kansa, don a ƙasar nan aka yi babban aikin da aka san shi da shi. Peter Ward ya bi shi a yankin Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960, ya buga bincikensa a 1965, ya kuma bayyana ƙaurarsa a 1971. Da rani busasshen irin ciyawa yake tsinta a ƙasa. Ruwan farko, wanda kowa ke murna da shi, shi masifa ne gare shi, don irin duk sai ya tsiro a bar shi ba abinci. Sai ya cika cikinsa da shinge, garar nan mai fiffike da ke fitowa bayan ruwa, ya yi kitse, ya yi kudu inda damina ta riga ta yi makonni kuma ciyawa ta fara 'ya'ya. Daga can yake biyo ɗanyen iri yana dawowa arewa. Inda ya tarar da ɗanyen iri da ƙwari tare, nan dubban ɗaruruwa za su sauka kan ƙaya, maza su saƙa sheƙa cikin kwana biyu ko uku, mata su yi ƙwai kusan rana ɗaya, galibi uku-uku, a ƙyanƙyashe cikin kwana goma da 'yan kai, kafin mako shida an watse. A lokacin namiji ya yi baƙar fuska, macen kuma jan bakin nata ya koma ruwan ɗorawa. Tun 1957 wasu masana biyu, Marshall da Disney, sun nuna a gabashin Afirka cewa ɗanyar ciyawa ce ke zaburar da mazan su fara saƙa. A 1976 Peter Jones da Ward suka auna naman ƙirjin matan, suka ga furotin yana taruwa kafin ƙwai, yana zubewa yayin da ake yinsa, suka ce wannan ajiya ce ke yanke ranar farawa da yawan ƙwan. Masu feshin jirgin sama da gwamnati kan turo kusan kowace shekara da wannan 'yar tazara ta makonni suke kokawa. In sun makara, sheƙa fanko za su tarar.

Ni a ganina hanyar da ta fi sauƙin fahimtar lamarin ita ce a dubi manomin Dambatta. Tun Maris yake kai taki, ya yi sharar gona, ya gyara garma, ya ware iri, ba don ya ga ruwa ba sai don ya san wata. Amma ba ya shuka sai ƙasa ta jiƙa. Tsawon yini da agogon shekara su ne masu sa tsuntsu shiri. Abinci da ɗanyen ganye da laima su ne masu cewa yau. A Kanada shirin ne mai ƙarfi, don bazararsu ba ta cika saɓa lokaci ba. A nan, inda ruwa kan sauka a Mayu bana ya kai ƙarshen Yuni baɗi, ko ya yi sau ɗaya ya ɗauke na mako uku, hukuncin ƙarshe a hannun abinci yake. A tsuntsaye da yawa namiji ya fi saurin shiri, shi haske kaɗai kan kai shi kusan ƙarshe. Mace ce mai tsayawa a tsakiya: mahaifarta kan tashi ta tsaya da ƙananan ƙwayaye, ba ta zuba musu gwaiduwa sai ta tabbata.

Tsayawar ma tana da nata homon. A shekara ta 2000 Kazuyoshi Tsutsui, a Jami'ar Hiroshima, ya gano wani sinadari a ƙwaƙwalwar salwa da ke danne fitar LH, aka sa masa suna GnIH. Kafin nan ana zaton ƙwaƙwalwa turawa kawai take yi ko ta yi shiru. Ashe tana da na hanawa. Ga kuma kortikosteron, homon da ke hawa idan yunwa ko tsoro ko ƙishirwa suka daɗe, wanda ke karkatar da ƙarfin jiki daga haihuwa zuwa tsira da rai. Zabuwar da ta yini a ranar Afrilu tana tonon busasshiyar ƙasa, ba ƙwaro ba ganye, ruwan sha sai wanda ya zube a bakin rijiya, ko yini ya kai awa 12 da rabi ba ta da abin yin gwaiduwa, jikinta kuma ya sani.

Akwai kuma abin da ido da kunne ke kawowa daga 'yan uwa. Daniel Lehrman na Jami'ar Rutgers ya shafe shekarun 1950 da 1960 yana nazarin wata kurciyar keji, wadda asalinta kurciyar Sahel ce mai baƙin zobe a wuya, irin wadda ake gani a arewacin ƙasar Hausa. Macen da aka ajiye ita kaɗai ba ta cika yin ƙwai ba. In aka sa namiji a bayan gilashi, tana ganinsa yana rusunawa yana kuka, sai mahaifarta ta tashi ba tare da ya taɓa ta ba. In namijin dandaƙaƙƙe ne, ba ya rusunawar, tasirin sai ya ragu ƙwarai. Daga baya Mei-Fang Cheng ta nuna cewa kukan da macen ke mayarwa da bakinta, jin sa da take yi yana cikin abin da ke tayar da ita. Masu tantabaru a tukwane sun san rabin wannan tuntuni. Kukan kansa ma da lokacinsa: Fernando Nottebohm ya nuna a 1981 cewa sassan ƙwaƙwalwar kanari masu kula da waƙa suna girma lokacin haihuwa su ragu bayansa, kuma bayan shekara biyu shi da Steven Goldman suka nuna sababbin jijiyoyi na tsirowa a ƙwaƙwalwar babban tsuntsu, abin da likitoci suka daɗe suna cewa ba ya yiwuwa. Mai kanari da ya ga tsuntsunsa ya yi shiru lokacin sake gashi, kada ya yi saurin cewa ciwo ne.

Yadda lokacin ke rufewa bai kai buɗewarsa shahara ba, alhali shi ya fi shafar aljihun mai kiwo. Idan ƙwai ya taru a gurbi, taɓa shi da ƙirjin uwa ke yi yana sa homon furolaktin ya hau. Oscar Riddle ne ya ware shi a farkon shekarun 1930, da tantabara ya auna shi, don shi ne ke sa jakar wuyan uwa da uba ta fitar da farin abin nan mai kauri da suke ɗura wa 'ya'ya. Furolaktin yana kawo kwanci, yana figar gashin ƙirji don ɗumi ya isa ƙwai, yana kuma danne GnRH har mahaifa ta tsuke. Matar gida da ke kwashe ƙwan zabuwa kullum ta bar ɗaya ko biyu a gurbi, ta kai sauran ƙarƙashin kaza mai kwanci ta yi musu kwana 26 zuwa 28, hana furolaktin hawa take yi, shi ya sa zabuwar da a daji za ta tsaya a goma sha wani abu take zarcewa har gomiya da yawa. Haka wadda ke tsoma kaza mai kwanci a ruwa ko ta raba ta da gurbi. A tsuntsayen Turai da yawa dogon yinin da ya buɗe lokaci shi ne kuma ke rufe shi: bayan makonni ƙwaƙwalwa sai ta daina amsa haske, haihuwa ta tsaya tun yini yana da tsawo, a shiga sake gashi, kuma ba ta farfaɗowa sai ta ɗanɗana gajeren yini. A cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, Chima Nwaogu ya bi wani tsuntsun lambu da ake samun sheƙarsa a kowane wata, ya tarar sake gashinsa ne ke bin damina sau da ƙafa. Wato a wasu tsuntsayenmu abin da aka ɗaure da lokaci ba haihuwar ba ce, gashin ne.

Da wannan sauran tsuntsayen gari sai su faɗa wurarensu. Kurciya da tantabara suna yi wa 'ya'yansu abinci a jikinsu, ba sa jiran tsutsa, saboda haka duk watan da hatsi ya samu nasu ne. Ungulu ƙwai ɗaya take yi, renonta na watanni ne, kuma mushe ya fi samuwa da rani lokacin da dabbobi ke ramewa, itatuwa sun kaɗe, ƙasa a buɗe. Kaza kuwa labarinta na gado ne. Kakarta, jar kazar kurmin kudu maso gabashin Asiya, tana da lokacin ƙwai. A 2010 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka tarar kusan duk kajin gida suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon TSH, wannan dai TSH na Yoshimura, kuma ana ganin sauyin yana cikin abin da ya sassauta ɗaurin kaza da lokaci. Zabuwa a nan Afirka ta Yamma aka mai da ita ta gida, zabin daji ba su yi mata nisa ba, ba a kuma yi mata irin zaɓen da aka yi wa kaza ba. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, da kalandarta ma.

Ba wai kalandar ba ta tanƙwaruwa ba. A Faransa, wadda ta fi kowace ƙasar Turai kiwon zabi, ana tsare su a ɗaki da fitila da cikakken abinci, a yi musu barbara ta hannu, zabuwa ɗaya ta ba da ƙwai sama da 150 a zagaye guda. A arewacin Ghana an gwada ba zabin gida abinci mai furotin da ruwa a kai a kai, suka yi ƙwai da rani. Wannan na biyun ya fi kusa da halin mai zabi goma a Makoda. Na kan ji ana ba mutane shawarar su rataya ƙwan sola a akurki, kuma ba laifi ba ne, ƙarin awa biyu ko uku da magariba yana taimakawa in an saba wa zabin kwana a ɗaki maimakon kan itace. Sai dai sayen fitila kafin a tanadi abinci sa kuɗi ne a inda matsalar ba ta fi tsanani ba. Daga tsakiyar Maris yini ya riga ya haura awa 12 a Kano, in aka haɗa da hasken asuba da na bayan faɗuwar rana ya doshi 13. Abin da babu a watan shi ne gara da fara da ɗanyen ganye da ruwa, kuma a ƙasar da ba a barin saura, ana kwashe kara da harawa tas bayan girbi, ana kuma ƙara yawan feshin ciyawa da na ƙwari, zabuwa ba ta samun waɗannan sai an kawo mata. Tsohuwar dabarar kifa tukunya mai ɗauke da kara da kashin shanu a bakin shuri don tara gara, ko ƙulin gyaɗa da dusa da garin ƙashi, sun fi kusa da bakin sarƙar da ke tsaye.

Riba kuwa ba a ƙwan sayarwa kaɗai take ba. Tsakin zabi ba sa jure sanyi da jiƙa, waɗanda aka ƙyanƙyashe a tsakiyar Agusta, ruwa na zuba ciyawa ta yi tsawo da raɓa, su ne suka fi mutuwa. Wanda ya samu zabinsa suka fara ƙwai tun Afrilu, tsakinsa za su yi gashi kafin marka. Sai dai a tuna da namijin. Ana iya ciyar da mata su yi ƙwai, a kai wa kaza ta kwanta mako huɗu, a tashi da baragurbi, don marainan zabon ba su gama tashi ba, ko don an bar namiji ɗaya da mata takwas alhali zabo a ɗabi'arsa mace ɗaya yake bi, in ya yi yawa biyu ko uku. Abincin da aka fara ba matan a Maris, a fara ba mazan tun Fabrairu.